Agwagwar Nagoda

Malam Nagoda mai zanen hula ne a Tudun Wada, kuma mutum ne da ba ya tambaya. In ya ga abu sau ɗaya, shi ke nan ya sani. Wannan hali ba shi da kyau ko a wurin yaro, amma a wurin babba ya fi muni, domin babu mai iya kwaɓarsa.

Aikinsa shi ne ya ɗauki farin yadin da aka yanka daidai kai, ya zana ado a jikinsa da biro, sannan ƙanwarsa Ishatu ta raba wa mata a gidaje su bi zanen da allura da zare. A sana'ar akwai al'ada guda: mai zane ba ya raɗa wa zanensa suna. Mutanen titi ne ke raɗawa. In hula ta fito ta burge, wata rana sai ka ji an zo shago ana cewa a ba ni irin kaza, sunan ya kama, ya tafi har Kaduna da Kano. In ba ta burge ba, haka za ta tsufa a kan mutane ba suna. Nagoda ya taɓa yin zanen da ya sami suna tun yana saurayi, daga nan kuma shiru. Masu ɗinkin inji sun cika gari, matasa sun koma wurinsu. Abokinsa Ɗantsoho mai wankin hula, wanda rumfarsa ke jingine da shagon, ba ya barin rana ta wuce bai tuna masa ba.

"Hannunka ya yi sanyi, Nagoda," in ji shi, yana buga hula a kan itacen gyara. "Ka dawo nan in koya maka wanki."

Ana cikin haka 'yarsa Rauda ta zo masa da aiki. Rauda tana karatun gyaran jirgin sama a kwalejin da ke garin, sun kusa gamawa. 'Yan ajinsu sun yanke shawarar yin ankon hula ranar bikin yaye su, mazan ajin da malamansu, har da waɗanda ba su taɓa sa hular ɗinki ba. Suna so a zana musu ɗan jirgin da suka haɗa da hannunsu a shekarar ƙarshe. Ta ajiye masa takarda mai hoton jirgin kamar an leƙo shi daga sama.

"Baba, ga shi. Ka ƙawata shi yadda ka iya. Ni na ce musu duk Zariya babu kamarka."

Tana sauri, jarrabawa na jiranta, ta fita.

Nagoda ya ji kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa. Hula fiye da ashirin iri ɗaya, a kan injiniyoyi, a gaban manyan baƙi da masu ɗaukar hoto! In wannan zane bai sami suna ba, to babu wanda zai samu. Har ya fara saƙa sunan a ransa. Shaho, ko Gaggafa, wani abu dai mai kwarjini. Har bakinsa ya suɓuce ya faɗa wa Ɗantsoho.

Ya shimfiɗa takardar ya duba. Jirgin dogo ne siriri. A wani ƙarshen akwai manyan fikafikai da farfela, a ɗaya ƙarshen wasu 'yan ƙananan fikafikai. Shekara da shekaru jiragen ɗalibai ke yi masa shawagi a kan shago, ya san farfela a gaba take, ƙananan fikafikai kuma a wutsiya. Ya jera jiragen a zagayen hular, ɗaya na bin ɗaya. Don su yi rai, sai ya ja layi uku daga wurin ƙananan fikafikan, a ƙarshensu ya murɗa su da jan biro suka naɗe, hayaƙi ke nan yana bin jirgi a baya.

Ɗantsoho ya leƙo. "Kai, ka tabbata nan ne gaban? Jirgin nan kamar an haife shi a juye. Ka kira yarinyar mana."

"In kira 'yata in tambaye ta ina gaban jirgi? Tun ba a haife ta ba nake ganin jirgi."

Bai kira ba. Waya na aljihunsa, 'yarsa na cikin gari, amma girman kai ya hana. Ya zana hulunan duka, Ishatu ta kwashe ta raba a Gyallesu da Tudun Jukun da Dutsen Abba.

Ishatu ta fi kowa saurin hannu, ita ta fara gama tata. Ranar wata Asabar da hantsi ta kawo ta shago a nannaɗe cikin ɗankwali. Rauda ta zo gani, tare da shugaban ajinsu, Theophilus, da ake kira Tiyo, wanda aka haifa a Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya aro motar shagon yayansa ya faka a bakin titi.

Hular ta yi kyau, wannan ba a musu. Ƙasan shuɗi ne mai duhu, jiragen farare, hayaƙin ruwan toka. Nagoda ya ɗora ta a kan dunƙulen hannunsa yana juya ta a hankali, yana kallon Ɗantsoho ta wutsiyar ido.

"Kai, Baba!" in ji Theophilus. "Wannan ai sai a sa a gilashi." Ya matso kusa. Sai murmushinsa ya tsaya. Ya dubi Rauda.

Rauda ta karɓi hular, ta juya, ta sake juyawa. "Baba, mene ne wannan murɗaɗɗen?"

"Hayaƙi. Ba ki ce in ƙawata ba?"

"Inna lillahi! Baba, nan ne hancin jirgin!"

"Hancin wa?"

"Hancin jirgin! Ga gaba nan, wurin ƙananan fikafikan. Farfelar a baya take, tura shi take yi. Ka zana jirgi yana hayaƙi ta hanci!"

Theophilus ya dafe kai. "Baba, mu fa masu gyaran jirgi ne. In muka fito gaban malamanmu da jirgi yana hayaƙi ta gaba, ai mun rataya wa kanmu talla cewa duk jirgin da muka taɓa zai kama da wuta."

Ɗantsoho ya saki abin bugunsa, ya kwanta a benci yana dariya har da buga ƙafa.

Ishatu ba ta yi dariya ba. Ta san abin da sauran ba su sani ba. Ɗinkin hula ba ya warwaruwa, domin sai an huda yadin kafin a zagaye hudar da zare. In aka cire zaren, ramukan na nan. Duk hular da aka riga aka ɗinka mata hayaƙin nan ta tafi, kuma babu sauran lokacin da za a sake sabbi kafin biki.

"Yaya," ta ce, "mata fa suna can suna ɗinki yanzu haka."

Mai hankali a nan zai ce na yi kuskure, a tashi a gyara. Nagoda sai ya gyara zama.

"Ba ni na juya jirgi ba, ku kuka juya shi. Wane mahaukaci ne zai sa wutsiya a gaba? Ku dai kun haɗa abinku a baibai, kuna so ku ɗora wa tsoho."

"Baba, iri ne guda, da sunansa," in ji Rauda. "Kanad ake ce masa."

"Me ye kanad?"

"Agwagwa ce, da Faransanci."

"Agwagwa!" Ɗantsoho ya tashi zaune. "Shekarun nan da kuka yi kuna karatu, agwagwa kuka haɗa?"

"Baba Ɗantsoho, ka bari in gama. Tun farkon ƙera jirgi, fiye da shekara ɗari, wani ya tashi da irin wannan a ƙasar Faransa. Mutanen da ke kallo suka ga dogon abu ya miƙe a gaba, manyan fikafikai can a baya, suka ce wannan ai agwagwa ce a sama. Sunan ya zauna har yau. Duk jirgin da aka sa wa ƙaramin fiffike a gaba, haka ake kiransa. Shi ƙaramin ne ke ɗaga hancin."

Nagoda ya ɗan karkato. "Masu kallo ne suka raɗa sunan? Ba wanda ya ƙera ba?"

"Haka aka ce, Baba."

Wannan ta shige shi, amma bai nuna ba. "To, Turawa ba su da wani suna sai na tsuntsun kwata?"

"Ai duk haka suke," in ji Theophilus, ya karɓi biro daga kunnen Nagoda ba tare da ya nemi izini ba, ya ja zane a bayan kwali. "Ka ga wannan mai kusurwa uku? Delta. Harafi ne na Girkawa, haka siffarsa take. Da aka yi jirgi mai fiffike kamar an yanka samosa, sai aka ba shi sunan harafin. Shi ne dai sunan da aka ba bakin kogi inda ya rarrabu zai shiga teku, har aka samu jihar Delta."

"Jihar ma daga harafi?" in ji Ishatu.

"Daga harafi, Gwaggo. Ga kuma wannan." Ya zana fiffiken da ya tashi sama daga jikin jirgi, ya karye, ya miƙe. "Gal. Wani tsuntsun bakin teku ne, ba mu da shi a nan. In ka ga shirwa ta tanƙwara fiffike za ta kawo sura, to kusan haka."

Nagoda ya karɓe bironsa. "Na ji. Amma ni na san agwagwa. Ina ƙananan fikafikai a wuyan agwagwa?"

"Baba," in ji Rauda, "aska takwas da ke gaban babbar riga, ka taɓa ganin an yi aski da ita? Tambarin da kuke zanawa, ana kaɗa shi? Kama ce kawai. Kai ka koya mini haka."

Ɗantsoho ya tafa. "Ta kama ka!"

"Ba ta kama ni ba. Aska na ga aska, tambari na ga tambari. Agwagwa kuwa a ƙasa na san ta, tana rangaji da gajeren wuya kamar mai ciwon baya. Ban yarda tana da wani dogon gaba ba. Sai na gani."

"Yaya, mata suna ɗinki!" in ji Ishatu, ta riga ta fara danna waya.

"Sai na gani, na ce."

Dubi wannan. Sunansa na ƙonewa, mutuncin 'yarsa a gaban 'yan ajinsu na ƙonewa, shi kuwa sai an tashi agwagwa. Amma Rauda ta san ubanta. In ba a nuna masa ba, ba zai taɓa biro ba, kuma babu mai gyara zanen sai shi.

"Baba Ɗantsoho," ta ce, "Inna Maijidda tana da agwagi, ko?"

Maijidda ita ce mai sayar da waina a gidan da ke bayan shagon. Da aka yi mata bayani sai ta riƙe haɓa. "Ku jefo mini agwagwa daga sama? Don Nagoda ya ga wuya? In ta karye fa?"

"In ta karye mu yi dambu, ni zan biya," in ji Ɗantsoho.

"Kai da ko waina sai ka ce a ƙara maka gyara?"

Ta dai yarda, bisa sharaɗin za ta tsaya ta gani da idonta. Kusa da shagon akwai wani bene da aka fara ginawa aka bari. Ɗantsoho ya naɗe ƙafar wando, ya rungumi ƙaton namijin agwagwa, ya hau matakala yana haki, tsuntsun na huci yana dukansa da fiffike. Kafin ya kai sama titi ya cika. 'Yan acaba sun tsaya, mai rake ya ajiye baro, teloli sun fito da tef a wuya. Kowa na tambayar me ya faru, ana ba shi amsa cewa gwajin jirgi za a yi.

"Matuƙi ya shirya?" Theophilus ya ɗaga murya daga ƙasa.

"Ya shirya, har ya yi mini kashi a riga!"

"Saki!"

Ɗantsoho ya wurga. Namijin ya yi ƙiba da ragowar wainar Maijidda. Ya buɗe fikafikai, ya yi fafur-fafur, ya sauko kamar buhun gero, ya dira kan tulin yashi, ya tashi ya kaɗa wutsiya ya yi tafiyarsa. Titi ya kaure da ihu.

"Kun gani?" in ji Nagoda, yana nuna shi da biro. "Jirginku ke nan!"

"Macen za a ɗauko!" Maijidda ta ce, yanzu ita ma abin ya shige ta. "Wannan ragon ko katanga ba ya hawa. Ku kamo fara, ita ce ke tsallaka mini gidan maƙwabta."

Aka kamo farar. Ɗantsoho ya sake hawa. Rauda ta ja hannun rigar ubanta ta kai shi tsallaken titi, inda zai gan ta daga gefe.

"Baba, kada ka kalli fiffiken. Ka kalli wuyan."

Ɗantsoho ya yi bisimilla ya cilla ta sama. Ta yi kamar za ta faɗo, sai ta kama iska. Wuyan nan da ke lanƙwashe kullum ya miƙe sambal kamar sanda, kai can a gaba, jiki da fikafikai can a baya suna tura shi. Ta ratsa saman titi, ta wuce kan wayoyin wuta, ta yi kwana a kan masallacin unguwa, rana na haska cikinta.

"Ta tashi! Wallahi ta tashi!"

'Yan acaba suka danna ham gaba ɗaya. Maijidda na guɗa tana kuma ihun a bi mata agwagwa. Theophilus na tsalle kamar ƙungiyarsu ta ci ƙwallo. Farar ta sauka can bayan wani gareji, mutum uku suka ruga kamo ta.

Nagoda ya laluba aljihunsa. Ya buɗe takardar Rauda, ya juya ta, ya ɗaga ta sama daidai inda agwagwar ta bi, ƙananan fikafikan suna gaba. Ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya raɗa sunan nan yana da ido," ya ce. Sannan ya juyo. "Ishatu, su wa suka kai kan hayaƙin?"

Ishatu ta samu wasu a waya ta ce su dakata. Saura wayoyinsu a kashe, unguwarsu ba wuta, wasu kuma wayar na hannun maigida a kasuwa. Abin da ta sani shi ne mata suna fara ɗinka jiragen ne, sannan layuka ukun, murɗen hayaƙin shi ne na ƙarshe kafin a cike ƙasa. Yawancinsu sun kai kan layukan.

"To layukan fa?" in ji Theophilus. "Su ma ba za su cire ba."

"A mayar da su wuyan agwagwa," in ji Ɗantsoho, yana saukowa yana goge riga. "A sa mata kai da baki, shi ke nan."

"A hular da za a yi salla da ita? Ba na zana mai rai." Nagoda ya karɓi hular Ishatu, ya rufe murɗen da babban yatsansa, ya bar layuka ukun kawai suna fita daga hancin jirgin. Ya ƙura musu ido. "Rauda, jirgi yana da fitila a gaba?"

"Yana da ita, Baba. Ana kunnawa in za a sauka."

"To ba hayaƙi ba ne. Haske ne. A bar murɗen, a ƙara layi biyu a gefe su buɗe, a bi tsakaninsu da zare ruwan ɗorawa. Biron da ya rage Ɗantsoho zai wanke shi. Tiyo, tayar da motar nan!"

Suka ɗuru a ciki, Nagoda a gaba da biro biyu da ƙullin zare ruwan ɗorawa, Rauda da Ishatu a baya. Ɗantsoho ya so shiga, aka ce ya je ya canja riga tukuna.

Gyallesu suka fara. Gidajen matan aure ne, namiji ba ya shiga, don haka mota na tsayawa Rauda da Ishatu za su yi ciki da gudu suna sallama, su fito da hula, Nagoda na tsugune a zaure ya ɗora ta a gwiwa, ya soke murɗen, ya ja sababbin layuka, a mayar. A gida na biyu matar ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Malam, da ma na ce wa Gwaggo Ishatu hayaƙin nan yana ci mini zare." A wani gidan an tarar da allura a tsaye a bakin murɗen, matar ta ajiye ta tafi sauke tukunya. Rauda ta fito da hular a sama tana cewa, "Tuwo ya cece mu!"

A hanyar Tudun Jukun motar ta faɗa rami ta mutu. Nagoda da kansa ya fita ya tura, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana yi wa Theophilus faɗa. "Mai gyaran jirgi, mota ta gagare ka!"

"Baba, yanzu kai ne farfelar, kana baya kana turawa!"

"Zan ci mutuncinka, Tiyo. Saka giya!"

Ta tashi. A cikin mota Nagoda ya kasa yin shiru. Mutumin da bai taɓa tambaya ba, yau bakinsa ya ƙi rufuwa. Shi delta ɗin, me ya sa masu gudu suka fi son sa? Shi mai fiffiken shirwa, don me aka karya shi? Akwai mai sunan kifi? Akwai mai sunan wuƙa? Rauda da Theophilus na amsawa suna katse juna, shi kuwa yana zana kusurwa uku a tafin hannunsa yana cewa wannan zai zauna a saman hula daram.

Dutsen Abba ne ƙarshe, gidan wata dattijuwa da ba ta riƙe waya sam. Rana ta karkata lokacin da suka isa. Ishatu ta shiga, ta daɗe. Nagoda na kai da komo a ƙofar gida. Da ta fito sai ta miƙa masa hular. Tsohuwar ta ɗinke jiragen duka da layukansu, amma wurin murɗen fari fat, ko huda ɗaya babu.

"Ta ce in gaya maka idonta ba ya ganin jan biro," in ji Ishatu. "Ta bar shi sai jikarta ta zo ta nuna mata."

Nagoda ya zauna a dakalin ƙofar gidan ya yi hamdala da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

Hula ɗaya ce kawai ta tafi, ta Ishatu, wadda aka fara gamawa. Ita kuma ta ce za ta ɗinka madadinta ko da za ta bar girki.

Ranar biki hulunan suka fito daga rumfar Ɗantsoho a tsaye ƙyam, shuɗi mai duhu, fararen jirage kowanne da haskensa a gaba yana haska wutsiyar na gabansa. Theophilus ya karkata tasa gefe kamar ɗan sarauta. Wani malaminsu ya cire tasa ya juya ta a hannu, ya tambayi wanda ya yi tunanin fitilar, Rauda ta nuna ubanta a cikin iyaye. Nagoda ya miƙe tsaye, ko da yake ba a ce ya miƙe ba.

Saura suna. Wannan ba a roƙonsa, ba a sayensa. Nagoda ya koma shago ya zauna yana jira, yana yi kamar ba jira yake ba.

Wata safiya wani saurayi ya tsaya da babur a bakin rumfar Ɗantsoho. Daga Samaru yake, ya ga hular a hoton wani abokinsa.

"Baba, don Allah ina ne shagon mai Agwagwa?"

Ɗantsoho ya ajiye abin bugu a hankali. "Mai me?"

"Hular nan mai jirgi. Agwagwar Nagoda. Guda uku muke so, na ɗaurin aure."

"Nagoda!" Ɗantsoho ya ƙwala kira, ko da yake tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. "Fito, Gaggafa! Fito ka ji sunan da aka raɗa maka!"

Nagoda ya ji tun daga ciki. Ya so shaho, ya sami agwagwa, kuma daidai ke nan, domin agwagwar ce ta yi aikin. Ya fito yana ɗaure fuska, amma bakinsa ya ƙi ɗauruwa. A kansa akwai hular nan ta farko mai hayaƙi, wadda ya hana a jefar, ya ce shi zai sa abinsa.

Saurayin ya dube ta. "Irin wannan ce, amma waccan da haske a gaba. Baba, taka me ya sa take hayaƙi?"

"Ta kama da wuta ne," in ji Ɗantsoho. "Matuƙin bai tambayi hanya ba."

"Rabu da shi," in ji Nagoda. Ya jawo benci, ya zaro biro daga kunne, ya ɗauko tef. "Zauna in auna kanka. Kafin nan gaya mini, wane launi kuke so, kuma ina ne gaban?"